Bin Salsala a Sabon Birni da Isa: Shawarwari Ga Magidanta

A Ingila, tun 1837 hukuma take rubuta wanda aka haifa, da wanda ya yi aure, da wanda ya mutu. Shi ya sa Bature in ya tashi neman kakanninsa, takardar shaidar mutuwa yake fara nema: ga suna, ga shekaru, ga sana'a, ga wanda ya kai rahoto. A ƙasar Gobir abin ba haka yake ba. Mutum zai cika da hantsi, kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwancinsa, kabari ba suna ba kwanan wata. An kafa dokar rajista a Legas tun 1863, amma dokar da ake aiki da ita yanzu, wadda ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta 1992 ce, kuma har gobe ƙalilan ne suke zuwa. Duk wanda ya ce sai ya ga takardar mutuwar kakan kakansa, ya ɗauko wa kansa wahala. Akwai dai takardun da suke tsayawa a madadinta, akwai kuma mutanen da suka fi takardun sani. Matsalar ita ce tashin hankalin 'yan bindiga ya watsa ƙauyuka, tsofaffi suna rasuwa a garuruwan da ba nasu ba, adakoki suna ƙonewa tare da ɗakuna. Aikin ba na jira ba ne.

1. A fara da tsofaffin mata. Dattijo zai jero maka maza bakwai, uba bayan uba, ya tsaya. Tsohuwa ce ta san wa ya auri wa, wa aka saki, wa ya sha nonon wa, da 'ya'yan da suka koma tun suna goye, waɗanda maza sun daɗe da mance su. Ita ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, don haka ta san ko da damina maigidan ya rasu ko da ɗari. Sai dai kada ka je mata da littafi da biro kamar malamin haraji. Ka zauna, ka gaisa, ka ajiye goronka, ka ɗauko zancen ta gefe: "Gwaggo, wai da ke da marigayi Baffa wa ya girmi wani?" Ko kuwa: "Inna, da aka kawo ki gidan nan, su wa kika tarar?" Ka tuna da alkunya. Ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗan farinta, ko na surukinta. Kada ka matsa mata. Ka tambayi ƙanwar mijin. In ta yarda, ka ɗauki muryarta a waya, ka soma da faɗin ranar da wurin da kuke.

Bayan mata, sai masu sana'ar da ta rataya da gidanku. Wanzanci gado ne, kuma gidan wanzaman da suka yi wa kakanka zane, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya irin na Gobirawa, sau da yawa sun san inda zuriyar ta fito da irin askar da take yi kafin ta zauna nan. Haka ungozoma, haka liman. Maroƙa da makaɗa kuwa suna riƙe da jerin sunaye a cikin kirari, amma a saurare su da kunne biyu. Abincinsu ke nan, kuma ban taɓa jin maroƙin da ya kai salsalar mai ba shi kuɗi gidan talaka ba.

2. Kowane mutum a rubuta duk sunayensa. Sunan yanka daban, wanda aka san shi da shi daban, wanda hukuma ta rubuta kuma daban. Garba Abubakar ne, Shehu da Mani Usmanu ne, Iro Ibrahim ne, Sanda Umaru ne. Laƙabi kuma shaida ce mai zaman kanta. In kakanka Tanko ne, mata sun riga shi zuwa; ina suke, ina aka kai su aure? Gambo yana bin tagwaye. Ajuji da Ayashe suna nuna uwar ta sha binne 'ya'ya kafin su. Talle ya taso maraya. Nomau da damina aka haife shi, Azumi a watan azumi. Waɗanda suka shiga makarantar boko sukan fito da sunan garinsu a maimakon na uba, sai ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, takardunsu ba su haɗu ko a suna ɗaya ba. A tsallaken iyaka kuma rubutun Faransanci ne: Usmanu ya zama Ousmane, Tsibiri ta zama Tibiri, Gidan Runji ta zama Guidan Roumdji, Madawa ta zama Madaoua. Wanda bai san haka ba zai wuce sunan kakansa yana kallo.

3. Shekara da abin da ya faru ake kama ta. Tsoho ba zai ce maka 1943 ba, zai ce shekarar yunwa kaza, ko zamanin sarki wane. Ka tanadi jerinka tun kafin ka zauna da shi. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Yunwar Ƙaƙalaba 1913 zuwa 1914. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, Abubakar na Uku daga 1938 zuwa 1988. An kashe Sardauna a Janairun 1966. Canjin hannu na tuƙi 1972, shigowar naira 1973, babban fari 1973 zuwa 1974, yunwar da ake alaƙanta wa da zamanin Buhari da canjin kuɗi da rufe iyaka 1984, ambaliyar da ta ci garuruwan bakin gulbin Rima 2010. Ka ƙara da na garinku: naɗin uban ƙasa, shekarar sanƙarau, gobarar kasuwa. In tsohuwa ta ce an yi canjin hannu tana goyon wane, ka sami shekarar haihuwarsa fiye da yadda takardar rantsuwar kotu za ta ba ka. Waɗannan takardun shekaru, da yawansu an yi su ne don neman aiki ko makaranta, kuma kowa ya san yadda ake rage musu.

4. A zazzage gida kafin a je ko'ina. Adakar tsohuwa, gafakar malam, aljihun tsohuwar riga, ƙarƙashin gado. Abin nema: rasit na haraji da na jangali, takardar sayen gona ko ta jingina, katin asibiti, tsohon fasfo na aikin hajji, littafin sallama daga soja, katin zaɓe, wasiƙun ajami daga 'yan cin rani, hotuna. Rasit na haraji ƙaramar takarda ce, amma takan nuna sunan mai biya, da garinsa, da shekarar. In ka jera su ka ga sun yanke a wata shekara, ko dai mutumin ya rasu, ko ya tsufa an yafe masa, ko ya ƙaura.

Gidajen malamai sun fi kowa sa'a a nan. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi ko a takardar ƙarshe, da shekarar Hijira. Don lissafi, shekara ta 1300 ta kama a ƙarshen 1882, ta 1400 kuma a Nuwamban 1979, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Wani lokaci ba lamba za ka gani ba, haruffa ne, wato ramzi. A nan a yi hattara. Malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda shinun yake 1000, sinun 300. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne, sinun 60. In ka ba yaron da ya koyi na Gabas, ko ka dogara da manhajar waya, zai fitar maka da shekarar da ba ta yi kusa ba. Ka kai wa malamin zaure.

5. Takardar gado ita ce takardar mutuwarmu ta asali. Musulmi bai damu da rubuta ranar da mutum ya cika ba, amma shari'a ta damu ƙwarai da wa ya riga wani. Jikan da ubansa ya rasu kafin kaka ba ya cin gado in akwai baffanni, kuma in magaji ya rasu kafin a raba, sai an sake lissafi a kan nasa magadan. Saboda haka duk gadon da ya je gaban alƙali, sai an ƙididdige mata nawa mamacin ya bari, 'ya'ya maza nawa, mata nawa, ko iyayensa suna raye, gonaki nawa kuma a ina, bashi nawa, su wa suka yi shaida. A zamanin En'e akwai wani dalilin rubutawa: ana cire ushira daga gadon da kotu ta raba a kai baitulmali, kuma inda kuɗin hukuma ya shiga, alƙalami yakan bi. Babu takardar asibitin da za ta ba ka rabin wannan.

Kotunan sun sha canza hannu. Na alƙalan En'e sun koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha a 1968, a 2000 kuma Jihar Sakkwato ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Tsofaffin littattafai wasu suna nan a ɗakin ajiya, wasu an kwashe, wasu gara ta gama da su. Ka je wurin rajistara da ladabi, da sunan mamaci, da garinsa, da kimanin shekarar. Tsofaffin ma'aikatan kotu da suka yi ritaya sukan san inda aka jibge abin da na yanzu bai taɓa buɗewa ba. Na dā da Larabci ko ajami aka rubuta da yawansu, don haka ka tafi da mai karantawa. Ka kuma bayyana tun farko cewa tarihi kake nema. Da zarar dangi sun ji kana bin takardun gado, za su ɗauka gonar da aka raba shekara hamsin kake son tayarwa, ƙofofi kuma sai su rufe.

6. Wanda ya rasu yau, a yi masa takarda. Iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Akwai wadda likita yake bayarwa in an rasu a asibiti, mai faɗin sanadin mutuwa. Akwai kuma ta Hukumar Ƙidaya, wadda ake samu bayan an yi rajista a ofishinta na ƙaramar hukuma. Wanda ya rasu a gida ma ana yi masa; a nemi wasiƙar mai gari ko uban ƙasa, in an bukaci rantsuwar kotu a yi. Mutane ba sa tunawa da ita sai banki ya riƙe kuɗin marigayi ko an zo maganar fansho, lokacin nan kuwa an fara gardamar ko kafin salla ne ko bayanta. A yi ta kafin sadakar arba'in, a kuma duba rubutun sunan tun a gaban ma'aikaci, ya dace da na katin ɗan ƙasa da na banki.

Akwai mutuwar da ta fi wannan nauyi. A watan Mayu na 2020 an kashe gomman mutane a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma ba shi ne na farko ko na ƙarshe ba. A irin wannan rana ba mai tunanin biro. Amma in hankali ya ɗan kwanta, liman da mai gari su zauna su rubuta sunan kowa, da na ubansa, da ranar, da inda aka rufe shi. Jaridu adadi kawai suke kawowa, adadin ma ba ya daidaita. Wanda aka ɗauke ba a sake jin ɗuriyarsa ba, hukuncinsa na alƙali ne, kuma takardar hukuncin ita za a adana. Waɗanda suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019 aka yi musu rajistar gudun hijira, su riƙe katunansu ko bayan sun dawo, domin a ciki ne kaɗai aka rubuta wasu yaran da aka haifa can.

7. A san wane Sarkin Gobir ake nufi. Wannan ya ɓatar da masu bincike da yawa. Akwai Sarkin Gobir a Sabon Birni, akwai a Isa, akwai a Gwadabawa, akwai kuma a Tsibiri cikin Nijar, kuma ba duka gida ɗaya ba ne. Dalilin yana cikin tarihi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bayan tsakiyar ƙarnin ne Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Saboda haka in an ce maka kakanku ya zo tare da Sarkin Gobir, tambaya ta gaba ita ce: wanne, daga ina? Gidaje da yawa a Sabon Birni rabin salsalarsu tana Tsibiri, ko Madawa, ko Bangi.

Sai iyaka ta zo ta ƙara raba su. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho na Faransa da takwarorinsa na Ingila suka bi suka kafa alamu. Mutane ba su daina zirga-zirga ba. Wasu sun gudo daga aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, wasu sun tsallaka can don kauce wa haraji. Mutum ɗaya zai iya fitowa a littafin kumandan bana, baɗi a na Di'o. A wannan gefen ma hukuma ta yi ta sauya suna: Lardin Sakkwato, Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan a 1996 Shinkafi, maƙwabciyar Isa, ta faɗa Zamfara. Takarda tana bin hukumar da take mulki ranar da aka rubuta ta.

8. Gidajen adana takardu: a je, amma a san abin da za a tarar. Mafi kusa shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, mai ɗauke da takardun En'e da rubuce-rubucen Larabci. Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da kundayen ɗalibai a kan garuruwa ɗaiɗai, kuma amfaninsu shi ne ɗaliban sun yi hira da tsofaffin da yanzu ba su. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke ƙarƙashin alamar SOKPROF, ga kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. A Yamai akwai ma'ajiyar ƙasa ta Nijar da cibiyar bincike ta IRSH.

Abin da ya fi amfani a Kaduna shi ne rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. Bature yakan zagaya ƙasa ya rubuta sunayen ƙauyuka, da masu garin, da yawan jama'a, da sana'o'i, da kasuwanni, da taƙaitaccen tarihin sarauta. In gidanku na sarauta ne, ko na alƙalanci, ko wani ya yi aikin En'e, ko ya shiga wata shari'a babba, akwai fatan ganin suna. In manoma ne, da wuya. Abin da za ka samu shi ne labarin garin, yaushe aka kafa shi, su wa suka zauna, wace shekara aka yi ƙaura. Wannan ma ba kaɗan ba ne. A dai tuna ta bakin tafinta Baturen ya ji, tafinta kuma a zauren uban ƙasa yake zaune. Kafin tafiya, a leƙa littafin Arnett na 1920 a kan Lardin Sakkwato, da kundin Abdullahi Rafi Augi a kan Gobir, da bayanan da Landeroin ya tattara a cikin ayarin Tilho. A tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, a rubuta lambar kowane fayil da aka buɗe. Ɗan gidan da yake karatu a Sakkwato ko Zariya ya isa wannan aike. Ba sai magidanci ya hau hanyar da ba ta da aminci ba.

9. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Wanda ya nufi Makka a ƙasa, a tambaye shi a unguwannin Hausawa na Sudan, musamman Mai Wurno, inda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. 'Yan fataucin goro, a zangunan Kumasi da Salaga. Wanda aka ɗauka soja ya tafi Bama a yaƙin duniya na biyu, hukumar kula da kaburburan sojoji ta CWGC ta sa sunayen mamata a intanet kyauta, da lambar soja da ranar mutuwa. Sai dai da yawa da sunan gari aka ɗauke su, wane Sakkwato, wane Gobir, don haka lambar da ke cikin tsohuwar takarda a gida ita ce makulli.

10. A shirya wa abin da zai fito. Kowa yana son a ce daga Bawa Jangwarzo ya fito, ko daga wani malamin da ya yi hijira tare da Shehu. Bincike ba ya duba son rai. Za a iya tarar da kaka wadda aka kamo a yaƙi, ko kakan da ya fanshi kansa ta murgu. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta dubban waɗanda suka karɓi takardar 'yanci, da sunayensu da inda aka samo su. Za a iya tarar da gidan da bai daɗe da barin tsafi ba, ko gidan bori da ke ƙarƙashin Inna ta Gobir. A ganina babu abin kunya a ko ɗaya, kuma a rubuta gaskiya a littafin gida. Amma abin da ya shafi wani gida, ko wanda zai iya ɓata auren yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka, ba na karantawa a taron suna ba ne, ba kuma na sakawa a Facebook ba. A shawarci manya a kan abin da za a fitar.

11. Ajiya. A sami littafi mai kauri, kowane mutum da shafinsa: sunaye, uba, uwa, mata ko maza, 'ya'ya har da waɗanda suka rasu suna ƙanana, inda ya zauna, inda aka rufe shi. A gefen kowane bayani a sa inda aka samo shi, "daga bakin Gwaggo" ko "daga rasit na 1961". In ruwaya biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Tsohuwar takarda kada a manna mata salatif, kada a kai ta a lulluɓe da roba mai zafi, domin zafin yana cin tawada kuma ba a iya cirewa. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da damshi, a riƙa buɗewa bayan kowace damina. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya da hasken rana. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil don kada rubutun ya dushe. Kwafi uku a garuruwa uku: ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a Sakkwato ko Kano, ɗaya wurin dangin da ke tsallaken iyaka, kuma a gaya wa aƙalla mutum biyu lambar buɗe wayar da hotunan suke ciki.